Ruwan Daddawar Abban Jidda

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan azahar

A asibiti suka ce in nemi littafi in riƙa rubuta duk abin da maigidana, Abban Jidda, ya ci a yini. Na saya, mai shuɗin bango, har da sabon biro. Tun ranar nake buɗe shi in rufe, babu abin rubutawa. To, tunda an riga an saya, bari in zuba nawa a ciki.

Yanzu muka dawo daga gashin yau, wanda ake yi masa da inji saboda cutar dajin maƙogwaro. Kullum ne, ban da Juma'a da Asabar. In tuƙa mu daga unguwarmu ta Mesaimeer a nan Doha, su shiga da shi ɗakin injin, ni in zauna a waje ina kallon tayil. Fatar wuyansa ta yi baƙi ta fara saɓulewa, muryar ma ta koma can ciki. A mota ba ma magana.

Na dama kunun gyaɗa, na tace sau biyu, na jira ya huce. Ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye ido a rufe. Na ce, "Yaya?" Ya ce, "Da daɗi." Mutumin da muka haura shekara ashirin tare, wai ni zai yi wa ƙarya a kan kunu. Kofin na nan a gefen gado har ya yi fata.

Hajiya, mahaifiyarsa, ta kira daga Kano. Ita abin da ta sani ciwon maƙogwaro ne kawai, haka ya ce a gaya mata saboda hawan jininta. Jidda ma da ke wajenta tana karatu iyakar abin da ta sani ke nan. Hajiya ta ce, "Safiyyatu, ya jikin nasa?" Na ce, "Da sauƙi, Hajiya." Me zan ce? Haka ake faɗa.

Talata, 7 ga Oktoba, da yamma

Kuloli sun cika mini kicin.

Bilqis ce ta haɗa wannan aikin, matar Nasidi, abokinsa tun jami'a. Ta sa a gurup ɗin matan Hausawan Doha, suka raba kwanaki a tsakaninsu. Jiya farfesun kaza da tuwon shinkafa. Yau faten wake, dambun nama, da wani zoɓo mai citta da ko ni mai lafiya sai da na yi tari. Allah ya saka musu da alheri, da zuciya ɗaya nake faɗa. Amma mutumin da ruwa ma ke yanka masa maƙogwaro, me zai yi da dambun nama?

Kowace ta zo sai ta leƙa ɗaki ta ce, "Sannu Injiniya, ya jiki?" Ya ɗaga hannu ya ce, "Da sauƙi." Ta juyo gare ni: "Ya ci na jiyan kuwa?" In ce ya taɓa. In wanke kula in miƙa mata da godiya. Abincin kuwa mai gadin gidanmu ne ke shan gara, har ya fara yi mini murmushi tun daga nesa.

Ni ma ba na iya ci. Ko na buɗe firij ƙamshin na isa ɗaki, in ji yana kakarin amai. Ta yaya zan zauna ina tauna kaza ina jin wannan?

Laraba, 8 ga Oktoba, hantsi

Na gaji.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau na yi abin da ko Bilqis ba zan gaya wa ba.

Jiri ne ya ɗebe ni a kicin, sai na tuna rabona da abincin kirki tun shekaranjiya. Na hau kujera ina neman biskit a saman kabad, hannuna ya taɓo kwalin miyarsa.

Bara waccan kamfaninsu na gas ya tura shi kwas Japan. Ya dawo da tsarabar turare, da mayafi, da wannan jarabar da suke kira miso. 'Yar leda ce, a ciki akwai wani abu mai kama da kwaɓaɓɓiyar daddawa, sai wata ledar mai busasshen ganyen teku, albasa mai lawashi da ƙananan gutsattsarin awara. Ka matse a kofi, ka zuba tafasasshen ruwa, ka juya, wai an gama miya. Da na Japan ɗin suka ƙare sai ya gano wani shago a nan Doha da ke sayarwa, shi ke nan na shiga uku. In yini a tsaye ina tuƙa tuwo, in kaɗa miyar kuka da man shanu, mutum ya ci ya ƙoshi, sannan in ji ƙarar buta: wai yana son "ɗan ruwan ɗumi". Ni, 'yar Yakasai, da aka san gidanmu da girki. Na sa mata suna ruwan daddawa. Na ce a garinmu in mace ta kawo wa miji wannan, ranar za a kira iyayenta. Ya yi ta dariya. Rannan da ya ishe ni na kwashe kwalin na cilla saman kabad, na ce in yana so ya hau ya ɗauko. Bai hau ba. Ya ce ya bar mini nasara.

To yau na kulle ƙofar kicin, na kunna buta, na haɗa. Ganyen ya buɗe a cikin ruwa, awarar ta taso. Na sha a tsaye, jikina jingine da firij. Akwai gishiri, akwai ɗan ƙarnin busasshen kifi, can ƙasa kuma daddawar waken suya sak. Ba mai, ba yaji, ba tukunyar wankewa. Ɗumin ya sauka cikina.

Ban ce tana da daɗi ba. Na dai shanye. Na wanke kofin, na tura ledar can ƙasan kwandon shara.

Juma'a, 10 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Bai je masallaci ba. A zaune ya yi azahar. Nasidi ya biyo da wasu abokan aikinsu, suka cika falo da ƙamshin turare da hirar ƙwallo, duk don su ga ya yi dariya. Ya yi musu sau ɗaya. Na ga abin da dariyar ta ci masa.

Hajiya ta kira. Da sauƙi.

Litinin, 13 ga Oktoba, da rana, a asibiti

Sun ɗora shi a sikeli, nas ɗin ta kalli lambar, ta kalle ni. Ba mu koma gida ba. An ba shi gado, ana ƙara masa ruwa.

Nas ɗin Ajaratu sunanta, 'yar Kumasi, Hausar Zango a bakinta, mace ma "kai" take ce mata. Da ta gama ɗaura ruwan ta ce, "Madam, kai ma ka ci abinci kuwa? Idonka ya faɗa." Tun da aka fara wannan abu ita ce ta farko da ta tambaye ni. Na ce na ci. Ta ce, "Yoo," irin ta wanda bai yarda ba.

Likita ya zo da mutanensa. Ya yi bayani a hankali, ya zana a takarda. Gashin dole a kai shi ƙarshe, in aka tsaya a tsakiya kamar ba a yi ba ne. Jikin kuma ba zai ɗauka ba in babu abinci. Don haka suna so su sa masa roba ta ciki, a riƙa ɗura masa ta nan har bakin ya warke. Abban Jidda ya juya fuska bango. Likita ya ce a yi shawara.

Da suka fita Abban Jidda ya ce, da wannan muryar tasa da sai na kai kunne, "Ba za a huda ni a riƙa yi mini ɗura kamar jariri ba." Na ce na ɗan lokaci ne.

Talata, 14 ga Oktoba, bayan magariba

Na dawo ɗaukar masa kaya. Gidan shiru, sai ƙugin firij. Na haɗa ruwan daddawa na sha a tsaye. Yau ko ƙofa ban kulle ba, wa zai gan ni?

Alhamis, 16 ga Oktoba, da safe

Saƙon Hajiya ya iso, wani ɗalibi da ya dawo hutu ya kawo wa Nasidi. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawar kalwa a ƙulle cikin leda kan leda, da zuma a gora. Ta aiko da murya a waya: "A kaɗa masa kuka mai ruwa-ruwa, ban da yaji, tun yana yaro in ya yi zazzaɓi ita kaɗai yake sha." Na saurara har sau uku. Ba don ban gane ba.

Gobe za su sallame shi ya yi hutun ƙarshen mako a gida. Zan yi masa ita yadda ta ce.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan la'asar

Ban san ta inda zan fara ba.

Tun da safe na je kasuwar Abu Hamour na zaɓo albasa da ƙashin miya. Na dafa ƙashin har ya saki, na tace romon, na daka daddawar Hajiya, na kaɗa kukar ruwa-ruwa ba gudaji ko ɗaya. Na yi tuwo mai laushi kamar na yaye. Rabon da in yi girki da zuciyata haka har na manta. Na jera a tire, na sa kwanon da yake so.

Ya kai cokali ɗaya baki. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya nemi tishu ya mayar.

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Abban Jidda, me kake so in yi? Na dama, na tace, na kaɗa, mata sun kawo, Hajiya ta aiko. Ka ƙi roba, ka ƙi abinci. So kake in zauna ina kallonka kana ƙarewa?" Na dire tiren har miya ta fantsama a zanin gado.

Ya bari na gama. Sannan ya ce, "Safiyyatu, ba ƙi nake ba. Komai ƙarfe ne a bakina. Kunun ƙarfe, zumar ƙarfe. Wannan kukar tun ina yaro nake sonta, yanzu ita ma ta zama ƙarfe. Duk abin da kika kawo mini, in na sa a baki na rasa shi ke nan."

Na kwashe tiren. A kicin na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka nuna mana hoton ciwon nan a asibiti. Ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, har kukar ma ina jin haushinta.

Lahadi, 19 ga Oktoba, da rana

An yi gashi. A hanyar dawowa, daidai wajen fitilar ba da hannun nan da ke daɗewa, ya ce, "A kai ni gida."

Na ce ai gidan za mu. Ya ce, "Kin san wanda nake nufi."

Na sani. Duk wanda ya zauna a ƙasar waje ya san abin da Bahaushe mara lafiya ke nufi in ya ce a kai shi gida. Kusa da Hajiya, kusa da inda aka binne babansa. Fitila ta ba da hannu ban gani ba, na baya ya yi ta danna mini ham.

Litinin, 20 ga Oktoba, bayan magariba

Hajiya: "Ya sha kukar?" Ya sha, Hajiya. "Ya jikin?" Da sauƙi.

Allah ka yafe mini.

Laraba, 22 ga Oktoba, hantsi

Ya sa Nasidi ya yanki tikiti. Alhamis ta sama. Nasidi ya same ni a bakin ƙofa yana ta murza hula a hannu, ya ce, "Maman Jidda, wallahi na yi iya yina. Na ce masa ya bari a gama, saura kaɗan, ya ce khalas, shi ke nan, ya yanke shawara. In na ƙi, wani zai sa." Na ce na gode. Ba laifinsa ba ne, amma da ƙyar na iya kallonsa.

Likita ma ya yi magana, ya kira wani babbansa ya ƙara yi. Abban Jidda ya saurare su da ladabi, ya yi musu godiya. Na san wannan godiyar tasa. In ya yi ta, an rufe magana. Ya yarda dai zai ci gaba da zuwa gashin har ranar tafiya, wai don kada in ce bai ji maganata ba ko sau ɗaya.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Bilqis ta kama ni.

Ta shigo da kular waina ba sallama mai ƙarfi, don kada ta tashe shi, ta tarar da ni da kofi a hannu, leda a kan kanta. Ta ɗauka tana juyawa. "Mene ne wannan kuma? Safiyya, firij cike da abinci kike shan ruwan ganye? Kin ma tabbatar da abin da ke ciki?" Na ce a nan Doha ake sayarwa, ga bayanin kayan haɗin da Larabci a manne a baya, ta karanta. Ta shinshina ta yatsina fuska. Sannan ta rage murya: "Ke dai ki sha kayanki. Amma don Allah kada ki kai wa Injiniya wannan. A ce muna garin nan gaba ɗayanmu, mara lafiya yana shan miyar leda? Ina za mu sa fuskarmu?"

Na ce ko a mafarki. Kuma da gaske nake. Ni da ban ba shi ita yana lafiya ba, sai yanzu? Mara lafiya girki ake masa, a tsaya a kan wuta, a san an yi masa wani abu. Haka na taso na gani.

Ta tafi ta bar wainar. Mai gadi ya gode.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da yamma

Na fara haɗa kaya. Na ɗauko rigunan aikinsa na ninke, sai na tsaya ina tambayar kaina me za a yi da su a can. Na mayar. Na sake ɗaukowa.

Ba mu gaya wa Hajiya muna tafe ba. Ya ce sai ana gobe.

Kwalin saman kabad ya kusa ƙarewa.

Asabar, 25 ga Oktoba, bayan la'asar

Bari in rubuta wannan tun ban manta yadda aka yi ba.

Yau ban ɗora komai ba. Karo na farko ke nan. Na ce me za a dafa, wa zai ci? Na yini ina fama da akwatuna, bayana kamar zai ɓalle. Na leƙa na ga yana barci, na shiga kicin na kunna buta. Na matse ledar, na zuba ruwa, ina juyawa, sai na ji numfashi a bayana.

Yana tsaye a bakin ƙofa, ya dafa bango, jallabiyar ta yi masa yawa ta ko'ina. Rabonsa da kicin tun kafin a kwantar da shi. Na yi saurin kare kofin da jikina, ni da girmana.

Ya ce, "Ashe ke ce ɓarauniyar."

Na ce, "Ɓarauniyar me?"

Ya ce, "Tun yaushe nake jin ƙamshinta ta ƙasan ƙofa. Hancina dai bai mutu ba. Na ce bari in ga ranar da 'yar Yakasai za ta amsa laifinta." Kafaɗunsa na rawa, wai dariya yake.

Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya. Na ce, "To da kana ji me ya hana ka magana? Ina nan ina kashe kaina a kan tukunya."

Ya ja kujerar da nake hawa ya zauna. Ya ce, "Tsoro nake. Ita kaɗai ta rage da ban sa a baki ba. Na ce in bar abu ɗaya da zan riƙa tunawa da ɗanɗanonsa daidai."

Kofin na ta tururi a tsakaninmu.

Can ya ce, "Tunda tafiya za mu yi, kawo. In ta zama ƙarfe, ta zama."

Na ce da zafi, kuma gishirin zai yi maka zafi a baki. Na raba biyu, na ƙara ruwa, na tsame ganyen, na yi ta fifita da murfin roba har ta koma ɗumi-ɗumi. Na miƙa masa ƙaramin cokali. Ya yi bismilla. Ya sa a baki. Ya rufe ido kamar yadda yake yi, ni kuma na miƙa hannu wajen tishu.

Ya haɗiye. Bai buɗe ido ba. Ya ce, "Akwai kifi."

Na ce, "Me?"

"Kifi. Can nesa. Da daddawa." Ya sake ɗiba. "Ƙarfen na nan, amma tana bayansa. Safiyyatu, ina jin ta."

Hawaye na bin fuskarsa yana sha, cokali bayan cokali, a hankali, kowace haɗiya sai ya dafe gefen kujera. Bai shanye ba. Ya ajiye cokalin ya ce ya gaji. Na raka shi ɗaki. Ban yi maganar tikiti ba, shi ma bai yi ba.

Na dawo na tsaya ina kallon kofin. Wata guda ina daka da tacewa, abin yana saman kabad inda na cilla shi da hannuna.

Lahadi, 26 ga Oktoba, da rana

Na tambayi Ajaratu ko babu matsala. Ta tambayo mai kula da abincin marasa lafiya, aka ce a tsarma ta sosai, kada ta yi zafi, in ya karɓa a gwada kaɗa ƙwai a ciki. Amma sun ce kada in ruɗi kaina, wannan ba za ta riƙe jiki ba, maganar roba na nan. Na ce na sani.

Daga asibiti na ajiye shi na wuce shagon. Ban ma san inda miyar take ba, sai da na nuna wa ma'aikacin tsohuwar leda. Na ɗauki kwali biyu. A wajen biya na ci karo da wata 'yar gurup ɗinmu, ta leƙa kwandona. Na bar ta ta leƙa.

Litinin, 27 ga Oktoba, bayan magariba

Ya sha da ƙwai. Rabin ya dawo, ya amayar. Ya ce a sake gwadawa gobe. Shi ya faɗa, ba ni ba.

Akwatuna na nan a falo. Ina ratsa su in wuce, ban ƙara komai ba, ban cire komai ba.

Talata, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Bayan gashin yau likita ya tsaya a kanmu, ya ce ya ji jibi za mu tafi, yana so ya ba mu takardun da za mu kai wa likitocin can. Abban Jidda ya kalli hannunsa ya ce, "Dakta, robar nan, in an sa, mutum zai iya ci gaba da shan wani abu ta baki?" Likita ya ce ƙwarai, ana ma so. Ya ce, "Kuma ana cirewa?" Likita ya ce in baki ya warke ana cirewa.

Abban Jidda ya ce, "To a sa."

A mota na kasa tayar da injin. Ya ce, "Na ɗauka bakin ya tafi ke nan har abada, shi ya sa. In dai akwai abin da ya rage, a ƙarasa." Sai kuma ya ce, "Yalla, Malama, zafi ake. Ki kira Nasidi ya san yadda zai yi da tikitinsa."

Ban san abin da ke gaba ba. Likitan ma bai yi mana alkawarin komai ba, kuma na lura da hakan. Na gaji har cikin ƙashina. Amma na buɗe akwatin farko na mayar da rigunan aikin cikin kabad.

Laraba, 29 ga Oktoba, da safe

Gobe za a sa robar, ranar da da muna jirgi.

Hajiya ta kira bayan ta idar da asuba a can. Muka gaisa. Ta ce, "Ya jikin nasa?" Na ce, "Da sauƙi, Hajiya."

Sai ta ce, "Alhamdulillahi. Yau kam na ji."

Na ce, "Na'am?"

Ta ce, "Safiyyatu, ni ma na yi jinyar babansa. Duk wanda ya tambaye ni, da sauƙi nake cewa, har ranar da aka fita da shi. Na san muryar. Wata guda ke nan ina jin ta a bakinki, ina ajiye waya in shiga ɗaki in rufe ƙofa don kada Jidda ta gani. Ban tambaye ki ba don na san shi ya hana ki. Ta yau ba irin waccan ba ce."

Ta bar ni na yi kukana, tana ta cewa, "Sannu 'yar nan, sannu. Allah ya yi miki albarka." Na ce mata akwai sauran tafiya, kuma in ya tashi zan sa shi ya gaya mata komai da bakinsa. Ta ce tana nan.

Har za mu yi sallama ta ce, "Me ya samu ya ci? Kukar ce?"

Na ce, "A'a, Hajiya. Wata miya ce ta Japan. Ta leda. Ruwan zafi kawai ake zuba mata."

Na jira. Ta ce, "Da daddawa a ciki?"

Na ce, "Kusan duk ita ce."

Ta ce, "To ai shi ke nan. A ƙara masa."

Yana kira daga ɗaki, wai ya ji ƙarar buta. Bari in fara rubuta abin da aka ce in sayi littafin nan dominsa.

Laraba, karin kumallo: miso da ƙwai, rabin kofi. Bai dawo ba.